Jarrabawar Lasisi da Ciwo a Jiki: Shawarwari ga Gidajen Jega, Aliero da Maiyama

A gidaje da yawa na Jega da Aliero da Maiyama akwai ɗa ko ɗiya da ke karatun aikin lafiya, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jihar Kebbi da ke Jega, ko a kwalejin koyon jinya da ungozomanci ta Birnin Kebbi. Wasu malanta suka karanta a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, wasu injiniyanci a jami'ar Aliero da aka kafa a 2006. Dukkansu, takardar makaranta kaɗai ba ta ba su izinin kama aiki a matsayin ƙwararru. Sai sun bi ta hannun hukumar da ke riƙe da sana'ar: CHPRBN ga masu CHEW da JCHEW, NMCN ga nas-nas da ungozoma, MLSCN ga ma'aikatan ɗakin gwaji, PCN ga masu ba da magani, TRCN ga malaman makaranta, COREN ga injiniyoyi. Yawancin hukumomin nan jarrabawa suke shiryawa, kuma sai an haye ta ake samun lasisi.

Lafiyayye ma yana jin jiki a wannan jarrabawa, balle mai sikila, ko asma, ko ciwon sukari, ko farfaɗiya, ko gyambon ciki. Amma waɗannan cututtuka ba baƙi ba ne a gidan da suke. An san abin da ke tayar da su, an san lokacin da suka fi tashi. Abin da ya fi kayar da ɗalibi shi ne a bar masa ciwo da littafi shi kaɗai, mutanen gida su tsaya ga "Allah Ya ba da sa'a". Addu'a tana nan a matsayinta, sai dai akwai aikin da ya rataya a wuyan uwa da uba da miji da ƙanne. Shawarwarin nan nasu ne kamar yadda suke na mai jarrabawar, kuma maganar likitan da ya san mara lafiyar tana gaba da su.

1. A fara da takardu kafin littafi.

Hukumomin aikin lafiya ba sa zaunar da kowa jarrabawa sai wanda makarantarsa ta yi wa rajistar da ake kira indeksin, kuma kowace makaranta tana da adadin ɗaliban da aka yarje mata. Uba ya tambayi ɗansa kai-tsaye: "Ina lambar indeksin ɗinka?" Idan amsar ta zama "an ce ana kan yi" alhali an shiga shekarar ƙarshe, a taka a je makarantar, kada a tsaya ga waya. Wannan ya fi shafar masu karatu a ƙananan makarantu masu zaman kansu da suka yawaita a 'yan shekarun nan. A tabbatar hukumar ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa, domin ana iya amincewa da wani kwas a bar wani.

Sai batun suna. Mu nan, mutum ɗaya yakan zama Abubakar a takardar WAEC, Garba a katin NIN, a liƙa masa sunan garinsu a takardar makaranta. Kwamfuta ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. A baje takardun a tabarma a bi su harafi-harafi, har da ranar haihuwa. Gyara yana cin makonni, ga takardar rantsuwa a kotu, ga zirga-zirga zuwa Birnin Kebbi, kuma mai ciwo ba shi da ƙarfin wannan sintiri a makon jarrabawa. Kuɗin hukuma a biya ta hanyar da makaranta ta sanar, a karɓi rasit, a ɗauki hotonsa a waya. Logbuk na aikin asibiti a kai wa masu sa hannu a kan kari, wanda kuma ya yi jinya a lokacin firaktikal ya nemi rama kwanakin tun yanzu.

2. A ga likita wata biyu ko uku kafin ranar, ko da jiki na lafiya.

Mun saba sai ciwo ya kwantar da mutum ake neman mota. Wannan zuwan daban ne. A faɗa masa a fili: "Likita, ina da jarrabawar hukuma a wata kaza, ina so a duba ni tun yanzu." Babban asibitin gari zai iya awon farko. Idan ana buƙatar ƙwararre, akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da asibitin tarayya a Birnin Kebbi, akwai na Kalgo, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Mai sikila ya fito da sanin awon yawan jininsa, wato PCV, na lokacin lafiya, domin da shi ake gane jini ya sauka idan an je da gaggawa. Mai sukari ya nemi awon HbA1c, wanda ke nuna yadda sukarin ya kasance a kusan wata uku da suka wuce. Kowa ya karɓi takarda mai hatimin asibiti da ke bayyana ciwon da abin da yake buƙata a zaure. A sayi maganin da zai wuce ranar jarrabawa da aƙalla mako biyu. Mai katin inshorar lafiya ta KECHEMA ya tambayi abin da katin ya ɗauke masa.

Duk canjin magani a yi shi yanzu, domin sabon magani yakan zo da jiri ko barci ko tashin zuciya a makonninsa na farko. A nan ne masu farfaɗiya ke faɗawa tarko. Magunguna irin su kabamazafin da fenobabiton suna sa barci, sai ɗalibi ya ajiye su "har a gama jarrabawa". Yanke su farat ɗaya yana iya kawo faɗuwar da ta fi ta da muni. A kai kukan barcin wurin likita, shi ya san ko zai matsar da lokacin sha ko ya gyara adadi.

3. A cire asara tun a lissafin kwanaki.

Manomin albasa a Aliero idan ya zuba buhu ɗari a rudu ba ya lissafin ɗari ranar sayarwa. Ya san wata za ta ruɓe, wata ta tsiro, wata ta motse. Haka mai ciwo zai lissafa kwanakinsa. Idan saura kwana 90, ya tsara karatun da zai ƙare a 60, ya bar 30 babu komai a kansu. Ciwo zai ci wasu, wanda ya rage ya zama na bita.

A jera batutuwan bisa muhimmancinsu, kada a ɗaure kowane batu da kwanan wata. Ta haka wanda ya kwanta kwana biyar zai tashi ya ɗora daga inda ya tsaya, ba tare da jin bashi ya hau kansa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ramuwa: an sallamo mutum daga asibiti ranar Talata, daren Laraba ya kwana yana karatu don cike gurbi, Juma'a a mayar da shi gado.

4. A duba watan jarrabawa, a duba abin da watan ke zuwa da shi.

NMCN ta saba yin jarrabawar nas a Mayu da Nuwamba, ta ungozoma a Maris da Satumba. Sauran hukumomi kowace da nata lokaci. A ƙasarmu kuwa kowane wata da irin tasa fitina.

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Mai sikila idan ruwan jikinsa ya ƙone, jini yakan yi kauri, ƙwayoyin da suka lanƙwashe su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi ke tashi. Babba yana buƙatar lita uku zuwa huɗu a yini, sai fa idan likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. A cika gorar tun safe a ajiye kusa da littafi. Fitsari idan ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Karatu a mayar da shi bayan asuba da bayan isha'i, tsakar rana a huta a inuwa. Insulin kuma zafi yana kashe masa ƙarfi. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa shi a roba mai murfi a ajiye cikin sanyin randa, nesa da rana, kuma kada a bari ya daskare idan a firij yake.

Satumba watan sauro ne, musamman kusa da fadamar Gulbin Zamfara da gonakin shinkafa. Binciken ƙasa na zazzaɓin cizon sauro na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, babu jihar da ta kai haka. Sauron da ya ciji yaran bai ƙyale ɗalibin da ke karatu a tsakar gida ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. A shiga gidan sauro da fitila mai caji a yi karatun a ciki. Mai sikila da aka rubuta wa Paludrine da folik asid kada ya tsallake su. In zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha magani. A kuma guji dukan ruwan sama a kan babur, domin jiƙewa da sanyin iska sun isa su tayar da ciwo.

Daga Nuwamba ƙurar hunturu ke farawa, lokacin masu asma ke nan. Maganin shaƙa iri biyu ne: mai buɗe ƙirji nan take irin Ventolin, da na kariya da ake shaƙa kullum ko ana jin daɗi. Mutane sun fi riƙe na farko su manta da na biyu, alhali na biyun ne ke hana tashin. A fitar da maganin sauro na kunnawa daga ɗakin, a matsar da janareta daga taga, a rufe hanci a hanya, a nisanci wurin casar shinkafa da sussukar gero. Turaren wuta ma a ɗaga masa ƙafa zuwa bayan jarrabawa, ko da uwargida za ta ji babu daɗi. Mai sikila ya yi wanka da alwala da ruwan ɗumi, ya sa safa da rigar sanyi tun magariba.

5. Karatu shi ne a rufe littafi a faɗa.

Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a kwanakin farko take aukuwa, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Almajiran tsangaya ba su jira shi ba, da tilawa suke riƙe hadda. Mai ciwo ba shi da awa takwas na zama, saboda haka kada ya ɓata 'yan awoyinsa wajen bin shafi da ido yana ja masa layi. Ya karanta minti 30 ko 40, ya rufe, ya faɗi abin da ya karanta da baki ko ya rubuta. Ya koma kansa gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako.

A nan mutanen gida ke da amfani sosai. Ƙanwa 'yar sakandare za ta iya riƙe takarda tana tambaya: "Yaya, allurar Penta a makonni nawa ake yi?" Shi kuma ya ce 6 da 10 da 14. "Awon damtse, ja daga nawa yake?" Ƙasa da santimita 11.5. Ba sai ta fahimci amsar ba, duba takarda kawai za ta yi. Mai CHEW ko JCHEW ya mayar da littafin Standing Orders abokin hira: wani ya zama mara lafiya ya kawo kuka, shi kuma ya bi matakan tambaya da dubawa da hukunci, har zuwa inda littafin ya ce a tura babban asibiti. Ya gwada yi wa Inna bayanin hawan jinin masu ciki da Hausa. Idan ta gane, shi ma ya gane.

A ranar lafiya ya naɗi muryarsa a waya yana karanta muhimman wurare. Ranar da zama ya gagara, sai ya saurara a kwance. Ranar da ciwo ya yi tsanani kuwa, a kashe wayar.

6. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani, amma amsoshinsu suna tsufa.

Kowane ɗalibi yana da tarin takardun da ya gada daga waɗanda suka gabace shi, an yi musu hoto har rubutun ya dushe. Suna koyar da salon tambaya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai aikin lafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da ana koyar da zuwa awon ciki sau huɗu, a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi takwas. Rigakafin rota na gudawar yara ya shiga jadawalin Najeriya a 2022, na HPV ga 'yan mata a 2023. A Disamba 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, kuma a Kebbi da Bayelsa aka fara shi, ana yi wa yaro a wata 5 da 6 da 7 da 15. Abin kunya ne ɗan Kebbi ya faɗi tambaya a kan allurar da aka fara a ƙofar gidansu don ya dogara da takardar da ta girme ta. Duk amsar da ta shafi jadawali ko adadin magani, a gwada ta da sabon bugu ko a tambayi malamin da ke koyar da darasin yanzu. Amsoshin da ke yawo a WhatsApp kuwa, ba a san wanda ya rubuta su ba.

7. Barci yana cikin shirin.

Kwanan zaune a aji al'ada ce a makarantunmu, har ana yi wa mai kwanciya da wuri kallon rago. Ga mai farfaɗiya rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke kawo faɗuwa. Ga mai hawan jini da mai gyambon ciki, Nescafé mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari da ake haɗawa don korar barci su ne matsalar. Tiramol kuwa, wanda wasu ke ba abokansu wai yana ƙara juriya, shi kansa yana iya sa mutum ya faɗi yana jijjiga ko da bai taɓa farfaɗiya ba.

Akwai wata magana da ba a son yi a gidajen masu sikila. Ɗalibin aikin lafiya ya iya allura, ya san inda ake samun ta. Daga "bari in yi wa kaina guda ɗaya in samu in yi karatu" ake shiga jarabar allurar kashe zafi, a ƙare da gyambo a cinya da hannu. Maganin zafi mai ƙarfi a bar shi a hannun asibiti. Diklofenak da ibufurofen ma kada a mayar da su abin sha kullum: suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, wasu masu asma kuma suna tayar musu da ita.

8. A sauke masa aikin gida, a faɗi ranar da za a mayar.

Ɗiban ruwa, faskare, ban-ruwan albasa, zaman shago ranar kasuwa, girkin gida mai mutum ashirin: duk waɗannan daga jiki ɗaya suke fita da karatun. Maigida ya tara mutanensa ya raba aikin da bakinsa, ya kuma sa masa iyaka, daga yau zuwa ranar kaza. Idan ba a faɗa a fili ba, sai ya zama gori daga baya.

Matan aure sun fi shiga tsaka mai wuya. Mai karatun ungozoma ga goyo, ga ranar girki, ga kunyar suruka. Ba za ta iya cewa a rage mata ba, kuma bai kamata a jira ta faɗa ba. Miji ne zai je ya durƙusa: "Inna, ina neman alfarma a ɗauke mata girki na wata biyu, yara su riƙa wuni a wurinki." Biki da suna da gaisuwar nesa a ba da uzurinta. Lasisin nan idan ya fito gidan gaba ɗaya zai ci, har da mai ƙorafi.

9. Azumi da abinci.

Idan shirin ya faɗo a Ramadan, a tambayi likita a kuma tambayi malami tun kafin ganin wata. Rangwamen mara lafiya yana cikin ayoyin azumi na Suratul Baƙara, ba wani ne ya ƙirƙiro shi ba. Mai sikila a zafin bazara da mai allurar insulin su ne suka fi shiga haɗari. Azumin nafila don neman sa'ar jarrabawa kuwa, mai irin wannan ciwo ya musanya shi da sadaka. A sauran kwanaki a ci abin da ciki ya saba da shi a kan lokaci, kada a gwada sabon abinci ko sabon jiƙo a makon ƙarshe.

10. A sanar da makaranta, a rubuce.

Na san dalilin ɓoyewa. Ana tsoron a ce yarinya mai farfaɗiya ce a rasa manemi, ana tsoron a ce bai dace da aikin asibiti ba. Ba duniya za a shelanta wa ba. Mutum biyu sun isa: shugaban sashe ko jami'in jarrabawa, da aboki ɗaya da zai zauna zaure ɗaya da shi. A rubuta gajeriyar takarda a haɗa da ta likita, a ajiye kwafi. A nemi abubuwa ƙanana da za a iya bayarwa: izinin shiga da ruwa da maganin shaƙa ko alewa, kujera kusa da ƙofa, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, izinin zagayawa da rakiya. Dokokin zaure suna da tsauri kan shiga da kaya, kuma mai tsaron ƙofa ba zai saurari dogon bayani da safiyar jarrabawa ba. Wanda ciwo ya bar masa nakasa, kamar mai sikilar da ƙugunsa ya lalace yake tafiya da sanda, ya san akwai dokar tarayya ta 2018 da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, an sa mata hannu a Janairu 2019.

Abokin nan a koya masa abin yi. In farfaɗiya ta zo, a kawar da abin da zai ji wa mutum ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, a juya shi gefe, a duba agogo. Ba a tura cokali a baki, ba a danne shi, ba a ɗura masa komai, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Idan ta wuce minti biyar, sai asibiti.

11. A saba da kwamfuta da agogo.

NMCN da TRCN a kwamfuta suke yin jarrabawarsu ta zaɓen amsa. Wanda rabonsa da linzamin kwamfuta tun JAMB ya je shagon kwamfuta ya zauna ya amsa tambayoyi da agogo a gabansa, a daidai lokacin da za a yi ta gaske. Ta nan zai san ko bayansa na ɗaukar zaman, da lokacin da fitsari ko yunwa ke taso masa. Nas da ungozoma suna da OSCE, inda ake zagaya tashoshi, kowace da 'yan mintocinta, a yi aiki a gaban mai ba da maki. A gwada a gida da tsana ko da ƙane: gaisuwa, gabatar da kai, neman izini, wanke hannu, sannan aikin, ana yi ana faɗa. Makin da ake zubarwa a waɗannan ƙananan matakai yana da yawa, kuma tsoro ne ke sa a tsallake su.

12. Jajibiri da ranar kanta.

Idan a Birnin Kebbi ko Sakkwato aka tura mutum, ya tafi tun jajibiri. Daga Jega zuwa Birnin Kebbi ta Kalgo ba nisa, amma jiran mota ta cika da asuba, da matsi, da iskar taga sun isa su gajiyar da mai ciwo kafin ya ga tambaya ta farko. Na Maiyama da Andarai da Mungadi sai sun fara isowa Jega tukuna. A kwana gidan dangi, a tafi da gidan sauro, a je a ga ƙofar cibiyar da yamma, a san asibiti mafi kusa. A tafi da ɗan rakiya babba mai waya da kuɗi a hannu.

A jaka: takardar shiga, katin shaida, takardar likita, magani a kwalinsa na asali, ruwa, rigar sanyi ko da bazara ce, domin ɗakin kwamfuta yakan yi sanyi. A karya kumallo. Sau da yawa ana kiran mutane da sassafe amma ba a shiga sai rana ta take, saboda haka a riƙe guzuri, a nemi inuwa a zauna, a bar masu bitar ƙarshe a bakin ƙofa da hayaniyarsu.

Mai sukari kada ya yi allura ko ya sha magani ya fita da ciki wayam. Rawar jiki, gumi, yunwa mai tsanani da ruɗewa alamun sukari ya sauka ne, a na'ura ƙasa da 70. Ya sha ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ya sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma ba a ba shi komai ta baki.

Akwai alamun da ba a shiga zaure da su, komai kuɗin da aka biya. Ga mai sikila: zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ɗashewa farat ɗaya, mutuwar gefen jiki ko karkacewar baki, miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya. Ga mai asma: ya shaƙi magani bai saki ba, ko magana ta gagara sai da yankewa. Ɗan rakiya ne zai yanke hukunci a nan, domin mai jarrabawar cewa zai yi zai iya.

13. Masu sayar da amsa.

Duk shekara sai an samu mai cewa yana da tambayoyin gobe ko yana da mutum a Abuja. Mai ciwo da ya rasa makonni shi suka fi farauta. Kuɗin ya tafi, idan kuma aka kama mutum hukuncin ya fi faɗuwa ɗaci. A sayi magani da kuɗin.

14. Idan ciwo ya hana, ko sakamako bai yi kyau ba.

In ciwon ya tashi a zaure, a ɗaga hannu a sanar da mai sa ido, a roƙi a rubuta abin da ya faru. In a hanya ne ko a gida, a karɓi takardar asibiti mai kwanan watan ranar, a kai makaranta a cikin makon. Kowace hukuma da ƙa'idarta kan wanda bai zauna ba da wanda ya faɗi, da yawan zaman da ake yarda da shi, kuma ƙa'idojin suna canzawa. A nemi ta yanzu daga jami'in jarrabawa, kada a ɗauki ta bakin tsofaffin ɗalibai.

Mutanen gida su riƙe harshensu. "Wance ta ci, ke me ya hana ki?" ba ta taɓa ƙara wa kowa maki ba, kuma damuwa da kanta tana tayar da sikila da asma da farfaɗiya. A ba shi makonni ya huta. Idan aka ga ya daina cin abinci, ya daina shiga mutane, ko yana maganar gara ya mutu, a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba. Bayan nan a zauna a rarrabe: karatun ne bai isa ba, ko lokaci ne ya ƙure masa a kwamfuta, ko jikin ne ya ƙi? Kowanne maganinsa daban, kuma wanda zai sake zama ya fara da takardar da ta kayar da shi.

Wanda ya ci kuma da sauran aiki a gabansa: rajista, karɓar lasisi, da sabunta shi a kan lokacin da hukumar ta ƙayyade. Idan aka zo rabon wurin aiki, ya fito da takardar likitan nan ya nemi a ajiye shi inda zai iya isa babban asibiti cikin dare ko da damina, ya kuma yi magana da shugabansa kan aikin kwana tun kafin a sa sunansa a jadawali.